Inci 6 ko inci 8? Amsa ga mai son sayen na'urar hangen taurari a Jos

Wani malamin makarantar sakandare da ke zaune a Bukuru ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya daɗe yana tara kuɗi domin ya mallaki na'urar hangen nesa matsakaiciya, mai faɗin baki inci 6 ko inci 8, wadda zai riƙa kallon wata da taurari da ita tare da ɗalibansa, kuma ya ɗauki hotuna irin waɗanda yake gani a intanet. Ya ga wata ana tallarta da cewa tana ninka girman abu sau 675, kuɗinta kuma bai kai rabin na sauran ba, shi ne yake tambaya ko ya saye ta, in kuma a'a, wace iri ce za ta yi masa aikin biyu.

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka yi tambayar tun kuɗin yana hannunka. Wadda ake tallarta da ninki 675 ɗin nan, ka bar ta inda ka gan ta. Batun aiki biyu kuwa, kallo da ido da ɗaukar hoton abubuwa masu dusasshen haske sana'o'i ne daban-daban, kowacce da kayanta, kuma yawancin waɗanda na ga sun yi asarar kuɗi a wannan harka sun yi ta ne wajen neman na'ura guda da za ta haɗa musu duka biyun da kuɗin guda. Shawarata ita ce ka sayi mai madubi, inci 8, a kan mazaunin da ake kira Dobson, ka shekara kana kallo da ita kana ɗaukar hoton wata da manyan duniyoyi, sannan ka duba ko zuciyarka da aljihunka sun yarda ka shiga ɗaukar hoton sauran.

Babban aikin na'urar hangen nesa shi ne tara haske, kamar yadda baho ke tarar ruwan sama: gwargwadon faɗin bakinsa, gwargwadon abin da zai samu. Ƙwayar idon mutum, idan ta buɗe iyakar buɗewa a cikin duhu, ba ta wuce milimita 7. Madubi mai faɗin milimita 150, wato inci 6, yana tara hasken da ya ninka na ido sama da sau 450, mai milimita 200 kuma sama da sau 800. Ninka girma aikin ɗan gilashin nan ne da ake ɗora ido a kai, wanda zan riƙa kira maleƙi, kuma cire shi ake yi a sa wani duk lokacin da aka ga dama. Kowace na'ura tana da tazarar da haske ke tafiya daga madubi zuwa inda yake haɗuwa wuri guda, ana rubuta ta a jikin bututun. Idan ka raba ta da lambar da ke jikin maleƙi, ka sami ninkin. Na'ura mai tazarar milimita 1200 tana ba da ninki 48 da maleƙi mai lamba 25, tana ba da 120 da mai lamba 10. Iyakar ninkin da ke da amfani kusan riɓi biyu ne na faɗin bakin a milimita. Irin waɗanda ake tallarsu da 675 yawanci bakinsu milimita 60 ne ko 70, ka ga ke nan iyakarsu 120 zuwa 140, abin da ya haura haka duhu ne kawai da dishi-dishi, ga ƙafafunsu sirara da ke rawa ko numfashi ka yi kusa da su. Ko mai inci 8 ɗin ma, da lissafi ya ba ta 400, a yawancin darare motsin iska ba ya barin ka wuce 150 zuwa 250.

Tsakanin inci 6 da inci 8, mai takwas ta fi tara haske da kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma ido yana ganin wannan bambanci sarai a kan dunƙulen taurari da gajimaren sararin samaniya. Nauyinta da mazauninta ya ɗan haura kilo 20, amma gida biyu take rabuwa, kuma bututun, mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, yana kwanciya a kujerar bayan mota. Idan ka haura zuwa inci 10 ko 12, ɗagawar ta fara zama aikin da za ka riƙa ɗagewa zuwa gobe. Na'ura mai gilashi a gaba, irin wadda Galileo ya hango watannin duniyar Mushtari (Jupiter) huɗu da ita a 1610, tana da kyau, sai dai da zarar bakinta ya wuce inci 4 tsadarta takan fi ƙarfin mai albashi. Mai madubi a ƙasan bututu, wadda Isaac Newton ya ƙera ta farkonta a 1668, ita ce ke ba ka baki mafi faɗi a kan kowace naira. Mazaunin Dobson kuwa akwatin katako ne da ke juyawa dama da hagu, bututun kuma yana lilo sama da ƙasa a kansa; wani mai sha'awar taurari ne a Amurka, John Dobson, ya yaɗa shi domin talaka ya iya haɗa babbar na'ura da kayan da ke kusa da shi. Babu batir, babu waya, hannunka ne ke tura ta. Akwai kuma gajeruwa mai haɗa madubi da gilashi, irin C8 ta kamfanin Celestron da ta fito tun 1970, mai tazarar milimita 2032. Gwana ce a kan duniyoyi kuma ba ta cin wuri, amma kuɗinta ya ninka na Dobson mai faɗi ɗaya da ita, kuma filin da take nunawa ƙunci gare shi.

Ya kamata ka san abin da za ka gani tun kafin ka biya, domin kada ɗalibanka su zo da tsammanin hotunan intanet. Wata zai ba ka mamaki tun daren farko, musamman a kwana bakwai ko takwas da tsayuwarsa, lokacin da inuwa ke kwance a bakin ramuka da duwatsu a kan layin da ya raba haske da duhu. Daren sha huɗu shi ne mafi rashin daɗin kallo, domin babu inuwa ko kaɗan. Mushtari za ta nuna maka ɗamarunta biyu masu duhu da watanninta huɗu suna sauya wuri daga dare zuwa dare, a daren da iska ta natsu har jan tabonta za ka gani. Zoben duniyar Zuhal (Saturn) ya juyo mana da kaifinsa a watan Maris na 2025, daga nan kuma yana ƙara buɗewa kowace shekara har wajen 2032, don haka ka shigo a kan gaɓa. Zara matar wata za ka gan ta tana cika tana raguwa kamar shi watan. Duniyar Mars ƙarama ce a maleƙi, sai duk bayan wata 26 take matsowa, kuma zuwanta na Fabrairun 2027 shi ne abin jira. Gajimaren da ke cikin jerin taurarin da ake kira Oriyon, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara 1,350 kafin ya iso mu, zai fito kamar fikafikai masu launin toka da ɗan kore-kore, da taurari huɗu ƙanana a tsakiyarsa. Ja da shuɗin da kake gani a hotuna kyamara ce ke tara su. Ɓangaren idonmu da ke aiki a duhu ba ya rarrabe launi.

Inda muke zaune yana da wata falala da littattafan Turai ba sa ambata, domin ba don mu aka rubuta su ba. Jos tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, tana kuma bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200. Wannan ya sa kusan duk samaniya tamu ce, ta arewa da ta kudu. Omega Centauri, dunƙule mai miliyoyin taurari wanda ɗan Ingila ba ya ganinsa daga ƙasarsa ko kusa, yana hawa sama da digiri 30 a kudancinmu, kuma a inci 8 yana tarwatsewa kamar an zuba gishiri a kan baƙin ƙyalle. Ni dai a wurina shi kaɗai ya isa dalilin fifita takwas a kan shida. Gajimaren Carina da taurarin nan huɗu na kudu masu siffar gicciye suna kaiwa wajen digiri 20. Wata da duniyoyi kuma ta kusan tsakar ka suke wucewa, inda iskar da ke tsakaninmu da su ta fi sirantaka. Sai dai a daidai tsakar kan ne Dobson ke da wuyar sarrafawa, domin bututun na tsaye cak, juyin dama da hagu ba ya kai ka inda kake so. Maganin shi ne ka kalli abin sa'a guda kafin ya iso can, ko sa'a guda bayan ya gota.

Yanayi ne zai fi ba ka wahala. Mutane sukan ɗauka hunturu ne lokacin kallo tunda babu hadari, alhali hazon Disamba zuwa Fabrairu yana shanye hasken duk wani abu mai dusashewa, yana kuma watsa hasken fitilun gari ko'ina a sama. A irin waɗannan darare ka tsaya ga wata da duniyoyi, su hazo mara kauri bai cika damunsu ba. Lokacin da na fi so shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta riga ta sauko ba, Kaza da 'ya'yanta na hawa tun bayan isha'i, Oriyon kuma na biye da ita wajen ƙarfe tara. Sai kuma dararen farkon damina, Afrilu da Mayu, idan an yi ruwa da la'asar gari ya washe: a lokacin ne taurarin kudu ke tsaye da farkon dare cikin iska wankakkiya. Tsakiyar babban rukunin taurarin da muke ciki tana hawa sosai a Yuli da Agusta, daidai lokacin da Jos ke kwana cikin gajimare, saboda haka duk daren da ya buɗe a watannin nan kada ka bari ya wuce ka.

Hoton wata da duniyoyi Dobson za ta iya, kuma da kyau. Ka fara da wayarka da ɗan maƙalin da ke riƙe ta a bakin maleƙi. In ka so ƙari, akwai ƙananan kyamarori irin na kamfanin ZWO da ake sawa a gurbin maleƙin a haɗa da kwamfuta. Dabarar ita ce bidiyo ake ɗauka: ka bar duniyar ta ratsa filin kallo, ka dawo da ita, ka sake, har ka tara dubban hotuna, sannan manhaja irin AutoStakkert ta zaɓi waɗanda iska ba ta karkaɗa ba ta ɗora su a kan juna. Ga Mushtari kada ɗaukar ta wuce minti biyu zuwa uku, domin tana kammala juyi a ƙasa da sa'a 10, kuma zanen jikinta zai goge in ka daɗe.

Gajimare da rukunonin taurari masu nisa su ne inda lissafi ke canzawa. Haskensu kaɗan ne, dole kyamara ta zauna a buɗe minti ɗaya zuwa biyar, a maimaita haka sau da dama har a tara sa'o'i. Ƙasa kuwa tana juyawa digiri 15 kowace sa'a. A tazarar milimita 1200, da kyamara irin ta masu ɗaukar hoton biki, tauraro yana tsallake ɗigon hoto kusan 20 a daƙiƙa guda, don haka kafin ka ƙifta ido ya zama zare. Abin da ke hana haka shi ne mazauni mai inji wanda aka jingina sandarsa daidai da sandar da duniya ke juyawa a kai, yana juya na'urar a hankali yana bin sama. Irin su HEQ5 da EQ6-R na Sky-Watcher su ne aka fi sani, kuma ko ƙaramin cikinsu shi kaɗai, ba bututu ba kyamara, ya kai kuɗin Dobson biyu. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kada kayan da ka ɗora su wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na nauyin da kamfani ya rubuta. Bututun inci 8 mai tsawon mita da 'yan kai, ga kyamara, ga ƙaramar na'urar da ke gadin tauraro guda tana gyara tafiyar injin, ya yi wa ƙaramin nauyi, kuma iskar Filato za ta riƙa kaɗa shi kamar tuta.

Akwai wasu matsaloli biyu da suka shafi ƙasashe irin tamu da ke kusa da tsakiyar duniya, waɗanda mai shago a Landan ko Dubai ba zai tuna ya gaya maka ba. Saita sandar mazauni yawanci da tauraron arewa ake yi, wato Polaris, shi kuwa a Jos digiri 10 kawai yake sama da doron ƙasa, inda dutse ko katanga ko hazo ke rufe shi. Wannan yana da magani, domin manhajoji irin su NINA da PHD2 suna iya saita sandar ta hanyar auna wasu taurari ba tare da an ga Polaris ba. Ta biyun ita ce idan ka kwantar da kan mazaunin zuwa digiri 10, ƙarfen nauyin da ke daidaita bututu yakan bugi ƙafar da ke fuskantar arewa, wasu mazaunan ma ba sa sauka ƙasa haka sam. Kafin ka biya ko sisi, ka duba mafi ƙarancin digirin da aka rubuta a takardar mazaunin, ka tambaya ko akwai ƙarin wuya da ake sawa tsakanin kai da ƙafafu. Kada kuma a ruɗe ka da mai inji da ke juyi dama-hagu da sama-ƙasa kawai. Yana bin tauraro, gaskiya ne, amma hoton yana murɗawa a hankali, kamar yadda Oriyon ke fitowa a gabas ta gefe guda ya faɗi a yamma ya juye, kuma wannan murɗawa ta fi tsanani a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu.

Idan ranar shiga wannan fage ta zo, abin da za ka ɗora a kan mazaunin ƙaramar na'ura ce mai gilashi, milimita 70 zuwa 80, mai tazarar 400 zuwa 600. Ba ta da nauyi, tana yafe ƙananan kurakurai, kuma filinta na da faɗi. Rukunin taurari na Andiromeda, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi, faɗinsa a sama ya kai digiri 3, wato wata shida a jere, alhali inci 8 mai tazarar 1200 da ƙyar take ɗaukar digiri ɗaya da ɗan ƙari. Akwai kuma ƙananan na'urori masu sarrafa kansu, irin Seestar S50 mai bakin milimita 50, da ke nemo abu su tara hotonsa su turo wa waya. Ga aji mai ɗalibai arba'in suna da amfani, kuma suna ba da launin da ido ba ya gani, sai dai ba su da maleƙi, yaro allo zai kalla.

Wajen shigo da kaya, masu dakon jirgin sama suna cajin nauyi da girman kwali, ga kuɗin kwastan, don haka ka sa wannan a lissafi tun farko. Akwatin Dobson da kamfanoni ke haɗowa da shi na garin katako ne da aka matse, nauyi gare shi kuma yana kumbura in ya sha danshi. In ka sami bututun shi kaɗai da zobban riƙe shi, kafinta mai hankali zai haɗa maka mazauni da filawud mai kauri daga Kasuwar Katako, wanda zai fi na kamfanin ƙarko, muddin ka tsaya a kansa wajen awo. Ka haɗa da abin saita madubai a cikin sayayyar, domin bayan doguwar tafiya da ramukan hanya dole madubin ya goce, kuma saitin aikin minti biyar ne in hannu ya saba. Ka fitar da na'urar waje minti 30 zuwa 45 kafin kallo domin madubin ya huce ya yi daidai da sanyin dare, kai ma idonka yana bukatar kusan rabin sa'a a duhu, kuma hasken waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Tocila mai jan haske ake amfani da ita. Ƙura za ta hau madubin, kada ka goge ta da tsumma ko hankici, domin rufin alminiyon da ke fuskarsa ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Wanki sau ɗaya a shekara ɗaya ko biyu da tataccen ruwa irin na ɗakin gwaje-gwaje ya wadatar. Danshi ya fi ƙura haɗari: na taɓa rufe maleƙai biyu a akwati da raɓa a jikinsu a watan Agusta, kafin kaka fumfuna ta yi musu saƙa a ciki, ɗaya bai gyaru ba har yau. Ka bar komai ya bushe a ɗaki kafin ka rufe, ka kuma zuba ƙunshin silika a akwatin.

In za ka fita bayan gari neman duhu, ta wajen Vom ko gindin duwatsun Shere, ka je da rana ka gaida mai unguwa, ka sanar da masu tsaron wurin, ka kafa na'urar tun da sauran haske kowa na gani, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Dogon bututu da ke kallon sama da tsakar dare yana iya tsorata wanda bai taɓa ganinsa ba, kuma da zarar ka nuna wa mutum zoben Zuhal sau ɗaya, gobe shi ne zai kawo 'ya'yansa.

Na san ba za a daɗe ba maƙwabta za su roƙe ka ka fito da ita neman jinjirin watan azumi ko na salla. Jinjirin kwana ɗaya yana kusa da rana ƙwarai, kuma madubi mai inci 8 da ya fuskanci rana yana ƙona ido cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ƙunar da ba ta warkewa. Kada ka cire murfin sai rana ta faɗi gaba ɗaya, ka sa maleƙi mai lamba 25 domin filin ya yi faɗi, sannan ka fara laluben sama da inda ta faɗi. Idan kana son nuna wa ɗalibai tabon rana, matacin da aka yi don haka, wanda ke rufe bakin bututun gaba ɗaya, shi kaɗai ne abin yarda. Baƙin gilashin da ake ɗaurawa a kan maleƙi yana iya fashewa da zafi ido na kansa. Ka rufe ƙaramin madubin saiti da ke gefen bututun ko ka cire shi, kuma muddin rana na sama kada ka bar na'urar a filin makaranta ba babba a tsaye kusa da ita.